Ɗan Kamasho da Motar 'Yarsa

Shekara arba'in da ɗaya Saura Ɗaya ya yi yana kiran fasinja a babbar tasha, kuma duk wanda ya san tashar ya san ba a yi ɗan kamasho irinsa ba. Sunan daga bakinsa ya samo shi: ko mota wayam take, sai ka ji yana shela saura mutum ɗaya a tashi. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya hango mutum tun daga bakin ƙofa ya san inda za shi da nauyin aljihunsa. Gobara ta ci tashar sau biyu yana ciki. Wata tirela ta taɓa ƙwacewa ta niƙe rumfar da yake zaune, aka zaro shi daga ƙarƙashin kwano yana tambayar ina hularsa. An yi masa aiki a ciki, likita ya ce a kira 'yan'uwa, bayan shekara shida sai ga shi a jana'izar likitan. Irin waɗannan mutane ba a cika maimaita su ba.

Da gwiwa ta ƙi, matarsa kuma ta rasu, sai 'yarsa ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta. Malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare, shekararta goma sha tara tana koyarwa, mijinta yana aiki a wani gari mai nisa. Kowa Malama yake ce mata, shi kaɗai ke ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa, da gado, da fanka, da kujerar roba. Cikin sati biyu ta gane cewa mutumin da ya saba yi wa mutum ɗari magana kafin hantsi ba zai rayu da bango huɗu ba. Ya ba mai kawo ruwa labarin tirela har mai ruwa ya canza layi.

Shi ya sa ta saya masa waya. Katinsa na shaida ya ƙone tun a gobara ta biyu, bai sake nema ba, yana cewa wanda duk gari ya sani ba ya bukatar kati. Don haka da katinta aka yi rajistar layin, da sunanta aka buɗe masa shafin saka bidiyo a intanet, da asusun kuɗin da ke cikin wayar. Ta nuna masa jan maɓalli: ka danna, ka yi magana, ka sake dannawa, ka taɓa nan. A yamma ɗaya ya iya. Ya ce ai da an sa shi makaranta da yanzu shi ke ƙera wayoyin.

Sai ga mutane sun yi ca a kansa. Yakan zauna a kujerar roba, ya sa tabarau, ya ɗora jarida a cinya kamar yanzu ya gama karantawa, ya kama labarin tasha: ɓarayin aljihu, direbobin da suka yi suna, matar da ta haihu a bayan bas shi ya riƙe mata zane. Wata shida, masu binsa suka wuce dubu ɗari biyu. Malama tun a wata na biyu ta daina kallo. Ta ce labarin da ta ji sau ɗari a gida ba za ta sayi data ta sake ji ba.

Wata safiya yana zaune a bencin mai shayi a bakin tasha, inda yakan je a gaisa, sai wani mutum mai kwat ya durƙusa a gabansa har ƙasa, ya ce shi wakilin wani kamfani ne na intanet, kuma tun yana yaro yake jin sunan Baba. Ya sayi shayi da burodi ya raba wa duk benci. Sannan ya yi bayani. Kamfaninsu na masu hasashen ƙwallo ne. Abin da ake so kawai Baba ya riƙa ambaton su a ƙarshen labari, a sa wani shuɗin rubutu a ƙarƙashin bidiyon, duk wanda ya taɓa shi ya shiga ya yi rajista, an san ta hannun Baba ya zo, Baba yana da kamasho.

Saura Ɗaya ya ce wannan ai caca ce, shi kuwa ko karta bai taɓa riƙewa ba. Mai Kwat ya yi murmushi.

"Baba, a shekara arba'in ɗin nan, mota nawa ka tuƙa?"

"Ko ɗaya. Ni kira ne nawa."

"To ai shi ke nan. In mota ta faɗi a hanya, an taɓa zuwa tasha an kama ɗan kamasho?"

Ba a taɓa ba. Tsohon ya juya maganar ta ko'ina bai ga inda ta karkace ba. Mai Kwat ya karɓi wayar ya yi 'yan danne-danne, wani dogon rubutu ya fito, ya miƙo masa ya ce ko Baba zai duba. Benci cike yake da mutane. Saura Ɗaya ya gyara tabarau, ya zuba wa rubutun ido na ɗan lokaci yana gyaɗa kai, ya ce ba laifi, sun tsara shi da kyau. Ya sa yatsa inda aka nuna masa.

Sati biyu yana talla abin bai yi armashi ba. Mai Kwat ya buga waya ya ce mutane suna kallo amma ba sa shiga. Wani da sai ya karaya. Shi kuwa dariya ya yi, don cutar da ya sani ce tun kafin a haifi Mai Kwat. Fasinja ba ya shiga motar da babu kowa. Kowa yana tsoron ya zama na farko ya yini a zaune. Maganinta a tasha kuwa tsoho ne: a samo 'yan zaman banza huɗu ko biyar, a ba kowa jaka ya rungume, a zaunar da su a mota su yi fuskar matafiya. Fasinjan gaske in ya leƙo ya ga mota ta kusa cika, sai ya biya ya shiga. Su kuma sai su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan zai sayo ruwa, wancan zai kama ruwa. Babu wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya a tasha. Lodi ake kiransa.

Ya aika aka kira masa Kwandasta, tsohon abokinsa, wanda ya yi shekara ashirin yana rataye a ƙofar bas kuma har yau in yana magana hannunsa ɗaya a sama yake. Ranar Asabar ce. Malama tana ɗakinta ta baje takardun jarrabawa tana maki, ƙofa a rufe. Motarta tana tsakar gida, ƙarama, fara, ta hannu ce, amma shekara tara ta yi tana tari kafin ta saya, kuma ran nan an wanke ta tana ƙyalli. Makullin yana rataye a ƙusa a falo.

Aka ara wa Kwandasta babbar riga. Ya jingina da motar, ya ɗaga makulli sama, ya ce shi dai talaka ne futuk, sati biyu da suka wuce ya taɓa shuɗin rubutun Baba, ga abin da ya samu. Har da ƙwalla, don Kwandasta tun asali mai saurin kuka ne. Saura Ɗaya ya shigo hoton ya dafa kafaɗarsa, ya ce shi kansa tun da ya fara bugawa bai taɓa faɗuwa ba, kuma duk wanda ya san shi ya san abin da ya taɓa ba ya mutuwa. Ɗauka ɗaya suka yi. Aka mayar da makulli ƙusarsa.

Mota ta cika har ta yi lodin wuce kima. Mai Kwat ya bugo yana kiransa uban kamfani. Kuɗi suka fara shigowa wayar, tsohon ya ɗinka kaya kala uku, ya sa wa Kwandasta haƙori, ya riƙa biya wa benci shayi. Malama ta ga kayan ta tambaya, ya ce masoya ne. Ba ta ja ba.

Ranar wata Talata, ko azahar ba a yi ba, ya ji ƙarar motarta a ƙofa. Ta shigo ba ta ajiye jaka ba, ta tsaya a bakin ɗakinsa da takarda biyu a hannu. Ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta ce masa ta farko daga makaranta ce, an dakatar da ita daga aiki har sai kwamiti ya zauna. Ta biyu sammaci ne daga hukumar da ke kula da harkar caca. Ɗalibanta ne suka gane motar, ga lambarta a fili, ga tambarin makaranta manne a gilashi. Goma sha ɗaya daga ajinta sun yi rajista, duk ba su kai shekarun da doka ta yarda ba, suna cewa ai harkar Malama ce, ba za ta cuce su ba. Ɗaya ya zuba kuɗin jarrabawarsa. Uwarsa ce ta zo makaranta.

Ya ce to ai kuskure suka yi, shi ya yi tallar, a kawo sammacin shi zai je ya gwada musu ruwa ba sa'an kwando ba ne.

"Babu sunanka a ciki, Baba," in ji ta. "Layin nawa ne, shafin nawa ne, asusun da kuɗin ke shiga nawa ne, motar tawa ce. A takarda kai ba ka yi komai ba."

Ofishin lauyar da suka je ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, da tebur, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa, da fanka mai kuka. Mace ce siririya, ba ta da yawan gaisuwa. Ta kalli bidiyon sau biyu, ta karanta dogon rubutun da ya sa wa yatsa, ta jera musu abin da ke ciki ba tare da ta ɗaga murya ba. Kamfanin ba shi da lasisi a ƙasar, tallata shi kaɗai laifi ne. Ba a faɗa wa masu kallo cewa biya ake yi ba. An nuna wanda ya ci na ƙarya. Tallar ta kai ga yara. Kuma a sakin layi na goma sha huɗu an rubuta cewa duk abin da mai talla ya faɗa, da duk dokar da ya taka, a wuyansa yake, kamfani ba ruwansa.

Saura Ɗaya ya kawo mata hujjar mota da ɗan kamasho, ya shimfiɗa ta da kyau, har da misalai. Ta bar shi ya gama. Sannan ta tambaye shi a tasha yaushe ake biyan kamasho. Ya ce da fasinja ya shiga ya biya. Ta ce a nan ba haka ba ne. Ta juyo masa da takardar, sai ta tuna Malama ta ce mata bai iya karatu ba, ta karanta masa da baki: rabonsa kaso ne daga abin da mutanen da ya kawo suka yi asara. In sun ci ba shi da ko sisi. Wato sai motar ta faɗi ake biyansa.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

Hanya ɗaya ce, in ji lauya, kuma ba ta yi alkawarin za ta ɓulle ba. Ya yi rantsuwa a rubuce cewa shi ya yi komai, 'yarsa ba ta sani ba. Sannan ya fito a shafin nan dai, gaban mutanen nan dai, ya warware: an biya shi, Kwandasta bai ci komai ba, motar ta Malama ce, shi bai taɓa bugawa ba, kuma yarjejeniyar da ya amince da ita bai san abin da ke ciki ba domin bai iya karatu ba. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan maganar, don shi zai nuna dalilin da ya sa komai ke da sunanta. In ya yi haka, tuhuma za ta dawo kansa, za a kai shi kotu. In bai yi ba, ita za a kai, aikin koyarwa kuma ya tafi ke nan.

Kotu ba ta dame shi ba, mutumin da tirela ta bi ta kansa. Ya ce a cire maganar karatu kawai, sauran zai faɗa. Lauya ta ce ba a cirewa.

Washegari ya fita neman Mai Kwat, yana cewa in ya damƙo shi ya kawo shi gaban hukuma magana ta ƙare ba sai an tona wa kowa asiri ba. Lambarsa a kashe. Ya bi kwatancen ofishin da aka taɓa yi masa, ya hau bene hawa biyu da gwiwar nan tasa, ya tarar da tela yana yanka yadi. Tela ya ce shi watansa biyu a nan, kuma Baba ne mutum na tara da ya zo neman mai kwat. Ya yi kwana biyu yana yawo. A tasha ya sa aka baza ido a kowace mota, abin da a da in ya yi ko allura ce sai an gano ta. Ko sama ko ƙasa.

A kwanakin nan Malama ba ta ce masa uffan ba kan maganar. Tana tashi da asuba yadda ta saba, ta yi wanka, ta shirya, sannan ta tuna, ta zauna a falo da kayan aiki a jikinta. Ta kawo masa abinci a kan lokaci, ta tambayi gwiwa. Ranar Alhamis ya leƙo ya gan ta tana tsara darasin sati mai zuwa a littafi, darasin da wani ne zai koyar. Kwamiti Litinin zai zauna.

Ranar Juma'a da safe ya ce ta kira lauya.

A falo aka yi. Lauya ta zauna a gefe da takarda, Malama ta riƙe wayar. Ya sa sabuwar riga, lauya ta ce ya canza, da kuɗin aka ɗinka ta. Ya ɗauko jarida, ta ce ya ajiye. Ɗauka ta farko ya fara da gobara, kafin ya iso kan caca an ci minti shida. Ta biyu ya ce ya yi ƙaryar ne da gangan don ya gwada hankalin jama'a. Ta uku ya faɗi komai daidai, da ya zo kan karatu sai ya ce idonsa ne ya yi rauni. Ta huɗu ya ce rubutun ƙanana ne ƙwarai, ko farfesa sai ya sha wuya. Kowane karo lauya takan ce a sake, ba ta ko ɗago kai.

A ta bakwai ya ce shi fa ya gaji, an mayar da shi ɗan wasa, mutum dubu ɗari biyu suna ganin girmansa za a sa shi ya tuɓe a kasuwa. Malama ta sauke wayar. Hannunta ya gaji, ta yarfa shi.

"Baba, ni ban taɓa jin kunyar ba ka yi karatu ba. Da kiran fasinja ka biya min har na gama. In ba za ka iya ba ka faɗa min yanzu, in san abin da zan ce musu ran Litinin."

Ya dube ta. Ya ce ta ɗaga wayar.

Minti ɗaya da rabi ya yi. Ya faɗi sunan da aka san shi da shi. Ya ce an biya shi, kuma daga asarar mutane ake biyansa. Ya ce Kwandasta ko keke bai ci ba. Ya ce motar ta 'yarsa ce, guminta ne, tana ɗaki tana aiki suka ɗauki makulli. Ya ce bai taɓa bugawa ba balle ya ci. Sannan ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ni ban iya karatu ba. Ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Jaridar da kuke gani a cinyata ta mai shayi ce. Abin da na sa wa yatsa ban san mene ne ba, kunya ta hana ni tambaya. Kar kowa ya taɓa rubutun nan."

Lauya ta ce ya yi.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauri ba. Mai binciken hukuma ya tsare shi yini guda yana tambaya, ya miƙa masa takarda ya ce ya karanta layin farko, sannan ya kawo tawada aka dangwala. Aka cire sunan Malama daga tuhuma bayan sati uku. Shi aka kai kotu. Alƙali ya dubi shekarunsa da warwarewar da ya yi da kansa, ya ƙwace abin da ya rage a asusun, ya ci shi tara, ya hana shi kowace irin talla, ya ce in ya sake zai ga cikin gidan yari. Aka rufe shafin. Kwandasta, wanda 'yan'uwa suka yi wa zuwa biyu, na farko neman rabonsu na mota, na biyu zagi, ya daina zuwa benci. A bencin kuwa wasu sun yi dariya, har wani ya miƙo masa jarida a kife ya ce Baba me ke labari. Saura Ɗaya ya ce masa shi dai ya tsaya gaban alƙali da ƙafarsa ya dawo gida ya ci abinci, in akwai wanda ya taɓa haka a bencin ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga.

Kwamitin makaranta ya zauna sau uku. Sati bakwai Malama ta yi a gida. Suka mayar da ita da takardar gargaɗi a fayil, saboda sakaci da abin da ke ɗauke da sunanta, suka cire ta daga jerin waɗanda ake duba wa mataimakin shugaba, suka karɓe manyan aji suka ba ta 'yan aji ɗaya. Ta sa hannu.

Ranar da ta koma, yana zaune a bakin ƙofa tun ƙarfe biyu. Ta dawo wajen la'asar, alli a hannun rigarta, littattafai arba'in da wani abu a ƙirji. Ya tambaye ta ya aiki. Ta ce lafiya, yaran ƙanana ne, har yanzu da yatsu suke lissafi. Ta ce malamai biyu sun gaishe ta, sauran sun shagala da rajista. Uwar yaron nan ta gan ta a bakin get ta tsallaka titi. Shugaban makaranta kuma ya tambayi lafiyar Baba.

"Me kika ce masa?"

"Na ce kana nan lafiya."

Ya ce ai da ta ƙara masa da cewa lauyoyi uku hukuma ta jera masa ba su iya kayar da shi ba. Ta ce ɗaya ne, Baba, kuma ya kayar da kai. Ta gyara riƙon littattafan ta wuce ciki, tana cewa ya matsa da kujerar daga hanya, gobe da wuri za ta fita.